Baba Yana Karanta Adireshi Daga Baya

Mahaifina marubucin wasiƙa ne. Tun kafin a haife ni yake da tebur a gindin wata bishiyar dogon yaro kusa da babban gidan waya na Tamale, da baƙar tafireta mai nauyi, da benci guda na masu jira. Da safe ya ɗaure tafiretar a bayan kekensa daga gidanmu na Moshi Zongo, bayan la'asar ya dawo da ita. Mutane su zo su zauna su faɗi abin da ke ransu, wani da Hausa, wani da Dagbanci, wani da Mosanci, shi kuma ya mai da shi Turanci ya buga. Mai neman aiki, mai ɗa a Kumasi, matar da mijinta ya tafi gonar koko ya yi shiru.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini, ko da yana yi mini faɗa.

Yana da wata ɗabi'a da masu zuwa wurinsa suke ƙorafi a kai. Ba ya fara buga wasiƙa sai ya gama da ambulan. Idan mutum ya ce, "Ɗana yana Kumasi, kusa da masallaci," sai Baba ya ɗauke hannu daga tafireta ya ce ya koma gida ya nemo tsohuwar wasiƙar da ɗan ya aiko, a kwafi adireshin daga jikinta. Wasu su yi fushi su tafi wurin na gaba da shi. Yawancinsu su dawo.

Da wayar hannu ta shigo gari, aikin ya fara janyewa a hankali. Bencin ya riƙa wuni babu kowa. Wata rana Baba ya dawo tun kafin azahar, ya sauke tafiretar, ya goge ta, ya tura ta ƙarƙashin gado. Bai ce wa kowa ya bar aiki ba, mu ma ba mu tambaye shi ba. Mahaifiyata Mma ce kawai ta ce mini a madafa, murya ƙasa ƙasa, "Ki riƙa zama kusa da shi kina jan sa da hira. Mutum ne da ya saba a riƙa tambayarsa abu."

A lokacin na gama sakandare, na koyi buga rubutu, na sami aiki a wani kafe a Kaladan. Shago ne mai kwamfutoci a jere a jikin bango, da fanka ɗaya da ke kaɗa zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Samari sun iya nasu, su zauna su yi abin da ya kawo su. Ni aikina shi ne waɗanda ba su iya ba: mai son duba sakamakon jarrabawar ɗansa, mai cike takardar neman aiki, mai saƙo zuwa ga ɗan'uwa a ƙasar waje.

Wata ranar damina Baba ya je ta'aziyya Kaladan, ruwa ya tare shi a hanyar dawowa. Ya jingine kekensa a baranda ya shigo yana kaɗe hula. Ita ce shigarsa ta farko. Na ba shi kujera a bayana, ya zauna ya ɗora hannuwa a gwiwa kamar baƙo a gidan surukai. Ina cikin yi wa wata mata aiki, ta kawo takarda za a duba wa 'yarta makarantar da aka tura ta. Na buga abin da na saba bugawa, shafin ya buɗe, na karanta mata, ta yi godiya ta koma bakin ƙofa tana jiran ruwa ya tsagaita.

Baba ya matso da kujerarsa.

"Uwata, wannan layin da kika fara bugawa a can sama, mene ne?"

"Adireshi ne, Baba."

Na ga ya gyara zama. "Adireshi? To karanta mini."

Na karanta masa, harafi harafi, da ɗigo da komai. Ya saurara da idonsa a rufe.

"Ina ƙasar a ciki?" ya ce. "Ina garin? Wanne ne sunan mai gidan?"

Na ce ban sani ba, haka kawai ake bugawa. Mai shagon ya rubuta mana su a takarda ya manna a bango, mu kuma muka haddace.

Bai ɗaga murya ba. Ya dube ni da wani irin tausayi ya ce, "Shekara biyu kina aika mutane wuri, ba ki san inda kike aika su ba?"

Maganar ta bi ni har gida. Kashegari na tsare mai shagon, wanda ya yi karatun kwamfuta a Ankara, babban birnin Gana, na ce ya warware mini layin nan gaɓa gaɓa. Ya yi dariya ya ce ba wanda ya taɓa tambayarsa, sannan ya zauna ya yi mini bayani. Abin da ban gane ba na nema na karanta da kaina a lokutan da babu mutane. Ranar Lahadi na yage bayan tsohuwar kalanda, na rubuta adireshin nan da manyan haruffa, na same shi a tsakar gida a kan buzunsa bayan la'asar.

Ya sa tabarau, ya shimfiɗa takardar a ƙasa, ya danne gefenta da buta.

Na nuna masa haruffan farko, waɗanda ke gaban ɗigo biyu da sanduna biyu masu karkata. Na ce wannan ba ya cikin sunan wurin, yana faɗin yadda za a ɗauki saƙon ne kawai. Idan akwai harafin s a ƙarshensu, saƙon a rufe zai tafi, ba mai karanta shi a hanya.

"A liƙe ke nan," ya ce. "Ci gaba."

Na ce daga nan ya bi layin da yatsa har ya iske sanda mai karkata guda ɗaya, ta farko. Ya tsaya a nan. Duk abin da ke bayanta ɗakuna ne a cikin gidan, wannan shafi, wancan shafi. Shi gidan kansa yana tsakanin sanduna biyun can da wannan guda ɗayar. Kuma ba daga hagu ake karanta shi ba, daga dama ake farowa a koma baya.

Ya ɗora yatsa a kan haruffa biyu na ƙarshe. "G, h."

"Gana ke nan."

Ya ja yatsa baya ya tsallake ɗigo. "G, o, v."

"Gwamnati. Wannan ba kowa ake ba wa ba. Da makaranta ce babba, sai ka ga e, d, u."

Ya sake ja baya. Na ce wannan shi ne sunan ofishin, shi ne mai gidan. Abin da ke gabansa kuwa, ko w uku ne ko wata kalma, mai gidan ne yake rubuta abin da ya ga dama, kamar yadda mutum zai rubuta abin da yake so a ƙofar shagonsa.

Baba ya sake duban takardar. Sai na ga kafaɗunsa suna motsi, dariya yake yi marar sauti.

"Ai wannan na san shi," ya ce. "Haka masu rarraba wasiƙa suke karanta ambulan. Ku kuna farawa daga sama, daga sunan mutum. Su daga ƙasa suke farawa. Wace ƙasa, wane gari, wane akwati. Sunan mutum shi ne na ƙarshe da suke dubawa, in ma sun duba."

Ya ɗaga murya ya kira Mma ta zo ta gani. Ta fito da ludayi a hannu, ta leƙa takardar, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta koma. Amma na ga yadda ta dube shi kafin ta juya.

Har aka kira magariba yana tambayata. Wanda ya ƙare da c, o, m fa, wace ƙasa ce? Na ce ba ƙasa ba ce, kowa a duniya yana iya kama suna a can. Ya ce to wa yake hana mutum biyu kama suna ɗaya? Na ce akwai masu rajista, wanda ya riga shi ne da shi, kuma haya ce, duk shekara ake sabuntawa, in ka bari ta wuce wani yana iya ɗauka. Ya gyaɗa kai, ya ce akwatin gidan waya ma haka yake, ya sha ganin wasiƙar mutum ta faɗa hannun wanda ya gaji akwatinsa. Da na ce masa su kwamfutocin ba ma da sunan suke aiki ba, kowane suna yana da lamba a wata babbar rajista, sai an duba an mai da sunan lamba sannan a san inda za a nufa, sai ya ce, "To wa yake riƙe da rajistar?" A nan ilimina ya ƙare. Ya ce in tambayo.

Ya ninke takardar kalandar ya sa a aljihun gaba. Daga ranar duk adireshin da ya gani, a jikin allon talla ko a bayan kwalin magani, sai ya tsaya ya karanta shi daga baya.

Shekaru suka wuce. Na yi aure na koma Gumbihini, na shiga koyarwa a wata ƙaramar sakandare. Kafen ya rufe, domin kowa ya sami intanet a aljihunsa. Mma ta rasu. Cutar yana ta rufe wa Baba ido ɗaya, ɗayan ma ya zama sai inuwar mutum yake gani. Duk Juma'a bayan an tashi makaranta nakan hau yalo-yalo, babur mai ƙafa uku, in je in wuni da shi.

Baba yana da ƙanwa guda da ta rage, Gwaggona, autarsu. Wake da shinkafa take sayarwa a bakin titi tun tana budurwa, kuma duk unguwar an san nata ne ake yi wa layi. Kowace Juma'a takan aiko wa Baba nasa a ganye, da taliya da ƙwai. Burinta a duniya ɗaya ne, ta je Makka. Ta yi fasfo tun da daɗewa, tana ajiye da shi a cikin wata jakar leda a ƙasan akwatinta.

Wata Juma'a ba ta aiko ba, ita ta kawo da kanta. Ta shigo da sauri tana haki, mayafinta yana zamewa, jakar ledar a hannu ɗaya, waya a ɗayan.

"Yaya, Allah ya amsa," ta ce tun kafin ta zauna. "Gwamnati za ta kai tsofaffin mata da zawarawa. Kujeru kaɗan ne, gobe za a rufe."

Ta miƙo mini wayar. Saƙo ne a zauren waya na matan unguwa, inda suke tura wa juna wa'azi da sanarwar biki. Hoton Ka'aba, tutar ƙasa, bayani da Turanci, sannan shuɗin layi a ƙasa. An ce a shiga a cike suna, a ɗora hoton fasfo, a tura ɗan abin rajista ta waya. Ta ce mata huɗu a layinsu sun riga sun yi.

Na danna. Shafin ya buɗe tsaf, da tambari da komai. Na ɗaga ido sama, na ga kalmar hajji, na ga gov, na ga gh, na ga ɗan kwaɗon nan da ke nuna a rufe yake. Ban ƙara duba komai ba. Ni da nake koyar da yara wannan abin a aji, na fara buga sunan Gwaggo. Fuskarta ce ta ɗauke mini hankali. Ban taɓa ganinta haka ba, kamar yarinya ranar sallah.

Baba yana kwance a kujerarsa ta zane, fuskarsa tana kallon sama.

"Uwata, karanta mini adireshin."

"Na duba, Baba. Akwai gov, akwai gh."

"Karanta mini dai. Daga sanda ki dawo baya."

Na taɓa layin ya fito gaba ɗaya, domin waya tana ɓoye rabinsa. Na nemi sandar farko. Abin da ke gabanta ba gh ba ne. Wasu haruffa uku ne da ban taɓa gani ba. Na karanta su. Na koma baya, wata doguwar kalma ce marar ma'ana, haruffa da lambobi a cakuɗe. Sai bayan ita sannan gh, sannan gov, sannan hajji, duk a can farko, a wurin da mai gida yake rubuta abin da ya ga dama.

Muryata ta yi ƙasa tun kafin in gama.

"Amma akwai kwaɗon," na ce, ban san ma dalilin da ya sa na faɗa ba.

"Kwaɗon ya ce a liƙe wasiƙar za ta tafi," in ji Baba. "Bai ce wurin mutumin kirki za ta ba."

Gwaggo tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. "Me ya faru? Ya cika ne?"

Baba ya tashi zaune da ƙyar. Ya miƙa hannu yana lalube har ya sami nata ya riƙe.

"Auta," ya ce, "wannan gidan ba na gwamnati ba ne. Wani ne ya kama ɗaki ya rubuta sunan gwamnati a ƙofa. In kin ba shi fasfonki, ban san abin da zai yi da shi ba."

Ta zare hannunta. Ta ce shi da ba ya gani, ina ya ga ƙofa? Ta ce matar liman ma ta yi, ita ma ba ta da hankali ke nan? Ta ce tun suna yara haka yake, duk abin da ta ɗauko sai ya nemo masa aibi. Ta juyo kaina ta ce in cike mata, ita ce uwata ko shi? Na ce ta yi haƙuri, ba zan iya ba. Ta karɓe wayarta, ta tusa fasfon a leda, ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi.

"Shekara nawa ina hura wuta," ta ce. Ba ta ƙarasa ba ta fita.

Baba bai taɓa abincin ba ranar. Can ya ce, "Da na san wata hanyar faɗa mata, da ita na bi." Na ce babu wata hanyar. Ya ce akwai, shi ne bai same ta ba.

Juma'a uku ba ta aiko da komai ba. Daga baya na ji cewa a ranar ta kai wayar wurin wani mai gyaran waya ya cike mata, har ya fara, sai ta ce ya dakata. Ta karɓi abinta ta tafi gida. Kafin wata ya ƙare shafin ya ɓace. Matan da suka yi rajista suka riƙa kiran lambar da aka ba su, ba ta shiga.

Juma'a ta huɗu ganye ya iso, ƙwai biyu a ciki da ganda. Ba saƙo, ba gaisuwa. Baba ya lalubi ƙwan da yatsa, ya ƙirga, ya ce in ɗauki ɗaya. Ita da kanta ba ta taɓa tayar da maganar ba, shi ma haka. Ta je Makka bayan shekara uku, ta hannun wani wakili mai ofis a gari wanda ake iya zuwa a zauna a gabansa. Baba yana raye ta tafi, yana raye ta dawo.

Amma a wurin sayar da abincinta ta ba da labarin, ta kuma ba da shi yadda take so: yayanta makaho ne, amma in aka karanta masa linki yana sanin na ɓarawo. Sai mutane suka fara zuwa. Mai saƙon an ɗauke shi aikin soja, mai saƙon ya ci kyauta, mai saƙon banki zai rufe masa asusu. Su zauna a bencin ƙofar gida, su karanta masa da kansu in sun iya, in ba su iya ba su jira Juma'a in zo. Ya saurara da ido a rufe, ya ce, "Tsaya. Koma baya. Wannan ɗigo ne ko ɗan layi a kwance?" Domin ya gano cewa wasu sukan sa ɗan layi tsakanin gov da gh, mai sauri ya ɗauka ɗigo ne. Ya koma sa farar riga da safe. Ya koma tambayar ƙarfe nawa.

Sau ɗaya ya yi kuskure, wanda na sani. Wani tela maƙwabcinmu ya kawo saƙo daga makarantar kwana da 'yarsa take, an ce iyaye su shiga su ga ranar ziyara da aka canja. Adireshin ya ƙare da com. Baba ya ce makarantar Gana ba za ta zauna a com ba, kada ya buɗe. Telan bai buɗe ba. Ya je a tsohuwar ranar da kayan abinci a bayan babur, mai gadi ya ce ai ziyara an yi ta tun makon jiya. Ranar ziyarar yarinyar ta wuni a bakin ƙofa tana duban hanya.

Da na zo na duba, na ce wa Baba adireshin na makarantar ne da gaske. Makarantu da shaguna da yawa a com suke kama suna, ya fi sauƙin samu. Com ba ya nufin ƙarya, yana nufin kowa na iya shiga, sai a duba sunan da ke gabansa a tambayi masu wurin ko nasu ne.

Baba ya gyara zama. Sannan ya ce in miƙo masa hularsa da sandarsa.

Na ce ya bari in kira telan ya zo. Ya ce a'a, shi ya yi laifi, shi zai taka. Na riƙe masa gwiwar hannu muka fita, muna tsallake kwata a hankali, ina faɗa masa inda dutse yake. Telan yana kan keke yana ɗinki, ya gan mu ya miƙe da sauri yana cewa, "Baba, da ka aiko ai."

"Na hana ka ganin 'yarka," Baba ya ce. "Na faɗi abin da ban tabbatar ba. Ka yafe mini."

Telan ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce ba komai, wallahi ba komai, wani malami ya bar shi ya gan ta minti kaɗan, ta ma karɓi kayan. Ya share kujera da hannun rigarsa ya zaunar da shi, ya aika a sayo koko. Baba ya ce a ba shi sunan makarantar daidai yadda yake a adireshin, a maimaita masa sau biyu, don in wani uban ya kawo ya san shi. Telan ya ɗauko wayar ya fara karantawa daga farko.

"Daga baya," na ce masa a hankali.

Ya nemi sandar nan mai karkata a adireshin da ɗan yatsansa mai ƙarfen ɗinki, ya sake farawa.